Mutumin da Ya Fasa Jingar Kalmira

Kalmira ba a bakin teku take ba, ko da yake mutanen Tirana, babban birnin ƙasarmu, in sun ji sunan yankinmu sai su ɗauka a kan rairayi muke kwana. Tsakaninmu da ruwan gishiri tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙafa, ta cikin gonaki shimfiɗaɗɗu kamar tabarma, babu tudu babu dutse. Garin manoma ne: titi ɗaya, makaranta, shagon kofi biyu, sai tsohuwar coci da aka taɓa mayarwa rumbun alkama. Can ƙarshen gonakin, inda babbar magudanar ruwa ta je ta tuƙe a gaɓa, akwai wani gini na jan bulo mai dogayen tagogi. Gidan famfo ke nan, kuma a cikinsa Kozma ɗan Naun ya yi shekara talatin da ɗaya.

Lokacin da aka haife shi, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, babu gonakin nan ko ɗaya. Fadama ce iya ganinka, ruwa baƙi ƙirin, kyauro ya fi mutum tsawo, sauro kuwa in ya taso sai ka ce hayaƙi. Ƙasar ta wani attajiri ce da ake ce wa Bey, wanda ko sau ɗaya bai taɓa kwana a cikinta ba. Naun yana noma masa masara a ɗan tudun da ruwa ya bari, da ɓauna biyu, a kai wa Bey rabi a ci rabi. Matarsa ta haifi bakwai, masassara ta kwashe biyar. Kozma kansa ya tashi da ƙaton ciki da idanu rawaya, har mahaifiyarsa ta ƙi ɗinka masa sabuwar riga shekara biyu a jere, wai kada a yi asarar yadi.

Bayan yaƙi sabuwar gwamnati ta kori Bey, ta ce za ta busar da fadamar. Ba da inji ba, da hannu. Aka kwaso mutanen duwatsu, aka kwaso ɗalibai, aka kwaso fursunoni a manyan motoci, aka ba kowa shebur da baro. Naun ya yi shekara shida yana haƙa, ruwa iya cinya, rani da hunturu. Ƙafafunsa suka kumbura, tari ya kama shi, ya mutu saura wata uku a girbe alkamar farko. A bakin kabari wani jami'i ya yi jawabi ya ce Naun soja ne da ya faɗi a fagen daga. Washegari aka aiko a karɓi shebur ɗinsa, tunda kayan gwamnati ne. Kozma, yana da shekara goma sha shida, ya ce a bar masa, shi zai ci gaba da haƙa da shi.

Wani injiniya ya lura da shi. Kozma ba mai magana ba ne, amma duk lokacin da injin tarakta ya sauya murya, shi ke fara ɗaga kai. Aka tura shi birni koyon aiki, ya dawo a shekarar 1964, aka damƙa masa makullin gidan famfo.

Ƙasar da aka busar ta fi teku ƙasa, duk ɗan Kalmira ya san wannan, ko da yake yana mantawa. Ɗigon ruwan saman da ya faɗo a gonakinmu ba shi da inda zai gangara da kansa. Sai ya bi ƙananan magudanai ya shiga babba, ya isa gidan famfo, injuna huɗu su ɗaga shi su watsa cikin teku. Ranar da injunan suka yi shiru, ranar fadama za ta kama hanyar dawowa. Don haka kullum da safe Kozma zai ɗaure burodin masara da cuku da albasa a ƙyalle, ya hau kekensa, ya bi jingar magudana har ƙarshe. In ya shiga sai ya ɗora kan sukudireba a jikin kowane inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ta haka yake sanin wanda ke son giris da wanda ke shirin ba shi wahala. Mutane suka koma kiransa Usta, sunan da ake ba gwanin sana'a. A wancan zamanin, sojoji ne ke gadin gaɓa don kada wani ya tsere Italiya, mutanen gari da yawa sun tsufa ba su taɓa tsoma ƙafa a teku ba. Shi yana ganinta kullum ta taga, amma an gargaɗe shi kada ya daɗe yana kallo.

Ya auri Lefta, wata mai tsinkar auduga a gandun haɗin gwiwa, doguwa mai baki kamar reza. Ita ce ke magana a gidan, shi yana gyaɗa kai, kuma zaman ya yi musu daɗi. Suka sami ɗa ɗaya, Genti. Lefta tana da ƙane, Sotir, mai tuƙa amalanken gandu, mutum mai barkwanci wanda in ya zauna a shagon kofi babu mai tashi. Shi ya laƙaba wa Kozma suna Sarkin Kwaɗi.

"Suruki, yaya talakawanka?" zai ce in sun haɗu. "Jiya na ji suna ta kuka a magudana, ko ka ƙara musu haraji ne?"

Kozma sai ya yi murmushi ya wuce. Yana son Sotir. Ko ranar bikinsa ma, takalmin Sotir ya ara.

A shekarar 1991 gwamnatin ta rushe, gandun haɗin gwiwa ya bi ta. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani ba sa son tunawa, domin kowa da hannunsa a ciki. Cikin mako biyu aka rarrabe shanun gandu, aka ɓalle ƙofofin rumbuna, aka sare itatuwan zaitun na bakin hanya aka yi makamashi, har kujerun makaranta sai da aka kwasa. Wata rana da tsakar rana Kozma yana goge inji na uku, ya ji ƙarar amalanke a waje. Sotir ne, da mutum bakwai a bayansa, duk maƙwabta, ɗauke da guduma da almakashin ƙarfe.

"Sannu da aiki, Sarkin Kwaɗi," in ji Sotir. "Ba da faɗa muka zo ba. Ɗan rabonmu muka zo ɗauka."

"Rabon me?"

"Wayar tagullar da ke cikin ƙattin nan naka. Akwai mai saye a birni. Gwamnati ta mutu, suruki, ko labari bai iso nan ba? Gado ake rabawa."

"Gwamnati ta mutu," in ji Kozma. "Ruwan sama fa? Shi ma ya mutu?"

Suka kwashe da dariya. Watan Yuli ne, tsakiyar rani a ƙasarmu, ƙasa ta bushe ta tsattsage, magudana ko idon sawu ba ta kai ba. Kozma ya ɗauki babbar sifana ya tsaya tsakanin inji na uku da na huɗu, ya ce duk wanda ya matso zai fasa masa kai. Ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai suka ja baya, suka far wa na ɗaya da na biyu. Yana tsaye yana kallo suka farke su kamar an yanka sa, suka zare wayar. Suka ɗaga janaretan da ake tayarwa in an ɗauke wuta, suka ɗora a amalanke.

Sotir ya dafa kafaɗarsa da zai fita. "Biyu naka, biyu namu. Ka ga an yi adalci. Ka gai da yayata."

Da aka zo rabon ƙasa, aka ce Kozma ma'aikacin gwamnati ne, ba ɗan gandu ba, saboda haka ba shi da kaso. Mutumin da ubansa ya mutu wajen haƙa, wanda shi kuma ya riƙe ƙasar a bushe shekara ashirin da bakwai, bai sami ko taki ɗaya ba. Lefta kaɗai aka yanka wa ɗan siririn fili a Gangare, wato sashen da ya fi ko'ina ƙasa, a hannun dama na babbar magudana. Sotir yana cikin kwamitin rabon, ya zaɓar wa kansa babbar gona a nan Gangaren, domin ƙasar wurin baƙa ce mai ƙarfi. Ya gina garke, ya tara shanun madara tara.

A cikin shekarar ne kuma Genti ya bi taron da suka cika jiragen ruwa suka tsallaka Italiya. Bai yi wa ubansa sallama ba, ya san zai hana shi. Mahaifiyarsa kaɗai ya faɗa wa, ita ta soya masa kaza ta ɗaure. Bayan wata biyar wasiƙa ta zo, yana tsinkar tumatir a wata gona, yana lafiya.

Kozma ya ci gaba da zuwa aiki da injuna biyu. Ya rubuta wa ofishin ruwa na birni takarda ya fi sau goma, yana roƙon a gyara biyun, a kawo janareta. Bai taɓa ambaton sunan kowa ba. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Hunturu huɗu, lokacin ruwan sama a ƙasarmu, Allah ya rufa asiri. A na biyar, watan Disamba na 1995, ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Kwana biyar injunan nan biyu suna aiki ba tsayawa, Kozma bai koma gida ba, Lefta ce ke kai masa abinci. A rana ta shida aka ɗauke wuta. Gidan famfo ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan rufi.

Da safiyar rana ta takwas ya biyo jinga a ƙafa zuwa gari, yana duba ruwa. Magudana ta cika maƙil. A bayan makaranta, inda jingar hagu ta tare gidajen mutane, saura kamar faɗin tafin hannu ruwa ya tsallake, kuma ƙasar wurin ta fara yoyo. Ya san jingar nan kamar yadda ya san ɗakinsa, da hannunsa ya ɗora wani sashe nata. Ya san ba za ta kai yamma ba. In ta ɓalle ta hagu, gida ɗari uku ne, da tsofaffi da jarirai. In an fasa ta dama, ruwan zai kwarara Gangare, inda babu gidan kwana ko ɗaya, sai alkama da garke.

Ya je ofishin shugaban gari, aka ce yana birni, hanya kuma ta yanke. Ya ɗaga waya, shiru. Sai ya wuce shagon kofi, inda maza suka taru suna jiran ruwa ya ɗauke, ya tsaya a ƙofa ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya faɗa musu abin da ya gani.

"Duk mai dabba a Gangare ya je ya kwashe yanzu. Da tsakar rana zan fasa jingar dama."

Kowa ya fara magana lokaci ɗaya. Wani ya ce ai ruwan ya kusa ɗaukewa. Wani ya ce jingar nan ta ga abin da ya fi wannan. Sotir ya ajiye ɗan kofin barasarsa ya ce, "Suruki, rashin barci ne ke damunka. Zauna a ba ka kofi."

"Sotir, ka je ka kwance shanunka."

"In kai su ina cikin wannan taɓon? Ɗakin kwanana?"

"Ko'ina. Kai su coci."

"Ji mutum! Kwaɗinka ne suka aiko ka neman musu sabon gida?" Aka yi dariya, amma ba mai ƙarfi ba. Sotir ya miƙe, fuskarsa ta sauya. "Ka saurare ni da kyau. Ka taɓa jingar nan, ni da kai har abada. Ba za ka iya ba ma. Gonar matarka tana wurin."

"Na sani," in ji Kozma.

Babu wanda ya bi shi. Mutum uku dai suka sulale a hankali suka je suka kora tumakinsu. Kozma ya biya gida ya ɗauki shebur da diga. Lefta ta dube shi, ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ta ce, "Sotir fa?" Ya ce ya faɗa masa a gaban kowa. Sai ta sa takalmin roba ta ɗauki nata shebur ɗin ta bi bayansa.

Su biyu suka haƙa, ruwa na dukansu, shi yana da shekara hamsin da uku. Kafin su fara sai da Kozma ya tsaya yana hangen garken Sotir daga nesa, yana fatan ya ga an fito da shanu. Bai ga motsi ba. Ya ƙara jira har rana ta ɗan gota, sannan ya ce wa kansa wataƙila an kwashe su ta hanyar baya. Da ramin ya kai gwiwa, ruwan da kansa ya ƙarasa aikin. Ya yi wani irin ruri ya yage jingar, da ƙyar suka ja da baya. Kafin la'asar Gangare ta koma tafki, a bayan makaranta kuma ruwa ya sauka da kamu biyu. Gida ko ɗaya bai jiƙe ba.

Shanun suna ciki, a ɗaure. Sotir bai yarda Kozma zai aikata ba. Da ya ji rurin ruwan ya sheƙa a guje, amma ruwa ya riga shi, ya tsaya a kan hanya yana jin kukansu har suka yi shiru. Dukkansu tara.

Iyali arba'in suka rasa alkamar shekarar. Su sun ga ruwan da ya cinye gonakinsu da idonsu. Ruwan da bai shiga ɗakunansu ba kuwa, babu wanda ya gan shi, don haka babu wanda ya ƙirga shi. Washegari ma aka wayi gari ruwan sama ya ɗauke, sai magana ta zama ɗaya a gari: da tsohon nan ya yi haƙurin kwana ɗaya, da babu abin da zai faru. Bayan kwana uku Lefta ta buɗe ƙofa ta tarar da mushen maraƙi a bakin gidansu.

Mutum uku suka zo daga ofishin ruwa na birni, da takalma masu sheƙi, suka zauna a ajin makaranta, jama'a suka cika ƙofa da tagogi.

"Wa ya ba ka izini?" in ji babbansu.

"Babu wanda zan tambaya, ranka ya daɗe. Shugaba ba ya nan, waya ba ta aiki."

"A takarda injuna huɗu ne da janareta ɗaya. Ina janareta?"

Kozma ya waiga. Sotir yana jingine a bakin ƙofa, biyar daga cikin bakwai ɗin nan suna gefensa. Lefta tana zaune a kujerar yara, ta sunkuyar da kai. Iyayenta sun mutu, Sotir kaɗai ya rage mata.

"Ya ɓata," in ji Kozma.

"A hannun wa?"

"A hannuna. Na rubuto muku ya fi sau goma."

"Mu ba mu ga takarda ba."

Suka rubuta cewa ya yi sakaci da kayan aiki, kuma ya lalata dukiyar jama'a ba tare da izini ba. Suka karɓe makullin. Ba a kai shi kotu ba, wai don shekarunsa, kuma sai da babbansu ya nanata masa cewa alfarma ce aka yi masa.

Daga ranar ba a ƙara kiransa Usta ba. In ya shiga shagon kofi sai hira ta mutu, don haka ya daina shiga. Ya koma gyaran kekuna da injin feshi a tsakar gidansa, mutanen ƙauyukan waje ne masu kawo masa aiki, na gari sun gwammace su kai nesa. Ba ya magana a kan abin, ko da Lefta. Ita ce ba ta haƙura ba. Ranar kasuwa ta tare matar wani daga cikin bakwai ɗin ta ce mata, "Gaya wa mijinki tagullar da ya sayar ta sayo muku talabijin, to ku kalla da kyau, kuna zaune a busasshen ɗaki." Amma ƙanenta, ko sau ɗaya ba ta iya faɗa masa a fuska ba. Tana zuwa gidansa ya ƙi fitowa, ta dawo ta zauna a bakin murhu ta yi ta ɓare wake.

Ciwon ciki ya kwantar da ita a shekara ta 2001. Ta aika wa Sotir sau uku, bai zo ba. Ana saura kwana biyu ta cika ta kama hannun Kozma ta ce, "Wawa ne, tun yana yaro haka yake. In ya tsufa babu mai kula da shi. Kada ka bar shi."

"Lefta, ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Ban ce ya amsa ba. Na ce kada ka bar shi."

Sotir ya zo zaman makoki, ya zauna a jerin maza. Kozma da kansa ya ɗauko kofi ya miƙa masa. Sotir ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya kalli bango. Kozma ya tsaya riƙe da kofin a gaban mutum talatin, har wani tsoho ya karɓa ya sha don ya fitar da shi kunya. Genti ya zo jana'izar, ya kwana huɗu, ya roƙi ubansa ya bi shi Italiya. Kozma ya ce in ya tafi, wa zai ba kajinsa ruwa.

Bayan shekara takwas wata ƙungiya daga ƙasar waje ta gyara gidan famfo, ta sa sababbin injuna masu tashi da kansu. Aka yi biki, aka ɗaura ƙyalle, manya suka zo daga birni. Babu wanda ya gayyaci Kozma, amma ya hau kekensa ya je ya tsaya a bayan waya tare da masu kallo. Cikin aikin har da wata ƙofar kankare da aka gina a jingar dama, wadda za a riƙa buɗewa in magudana ta cika, ruwa ya tafi Gangare ya bar gari. Daidai inda shi da Lefta suka haƙa aka gina ta, ko taku biyar ba a kauce ba. Mai jawabi ya ce binciken ƙwararru ya nuna nan ne wurin da ya dace, kuma ya yaba wa hukumomin yankin da suka yi hangen nesa suka ceci garin a ambaliyar 1995. Aka tafa. Cikin masu tafin akwai mutum huɗu da suka zare tagulla.

Wani tsohon makiyayi da ke tsaye kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu ya ce, "Kozma, ba nan ka tona ba?"

"Nan ne."

"To kai ba za ka ce komai ba?"

"In ce wa wa?" Ya juya kekensa.

Lokacin ma garin ya riga ya fara zubewa. Matasa sun tafi Italiya da Girka da Jamus, makaranta ta koma aji biyu, shagon kofi ɗaya ya rufe. An yi sabuwar hanya zuwa gaɓa inda ake gina otal-otal, amma ta bayan gari ta wuce, motocin masu hutu ko burki ba sa takawa. Rabin gonakin Gangare da aka yi gaba a kansu sun koma ciyawa, babu mai nomawa.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama Sotir a 2014. Matarsa ta riga ta mutu, 'ya'yansa uku suna ƙasashen waje, suna buga waya ranar Lahadi. Kozma ya dafa miyar wake, ya zuba a kwano, ya rufe da faranti, ya tura ƙofar da bai shiga ba shekara goma sha tara. Ɗakin yana wari. Sotir yana kwance, bakinsa ya karkace, ido ɗaya na zubar ruwa.

"Wa ya kira ka?" ya ce da ƙyar.

"Yayarka."

"Fita."

"Buɗe baki."

Ya buɗe, domin ya kwana biyu bai ci ba. Haka aka yi shekara uku. Kullum da hantsi Kozma zai zo ya juya shi, ya wanke shi, ya aske masa gemu, ya ba shi abinci a baki. Wani lokaci, yana goge masa baya, sai ya tsinci kansa yana jiran kalma ɗaya. Ba ma ban haƙuri ba, ko da cewa ne ya tuna ranar da suka zo da amalanke. Sotir bai taɓa tunawa ba. Abin da yake tunawa shanunsa ne, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ran nan, miya na dalala a haɓarsa, ya ce, "Da ba don kai ba, da yanzu ina da ɗari. Da yarana ba su tafi ba."

Kozma ya riƙe cokali a sama. Maganar da ya haɗiye shekara ashirin ta taso masa har maƙogwaro. Ya dubi karkataccen bakin, ya ga idanun irin na Lefta ne sak. Ya goge masa haɓa ya ce, "Saura cokali biyu."

Sotir ya mutu a kakar 2017, hannunsa mai lafiya yana riƙe da hannun rigar Kozma. Ko don so ne, ko don tsoro, babu wanda ya sani. 'Ya'yansa suka zo suka binne shi, babbansu ya gode wa maƙwabta baki ɗaya a bakin kabari, bai ware sunan kowa ba.

Kozma ya ƙara shekara biyu. Wata safiya cikin watan Fabrairu maƙwabciyarsa ta ji kaji suna ta kuka ba a buɗe musu ba, ta leƙa ta same shi zaune a kan kujera a tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya riga ya cika. Aka buga wa Genti waya, ya ce yana zuwa, amma iska ta hana jirgin ruwa tashi kwana biyu, limamin coci kuma yana da ƙauyuka biyar a kansa, ya ce ba zai iya jira ba. Da aka zo ɗaukar akwatin gawar aka rasa maza huɗu masu ƙarfin kafaɗa a layin, duk tsofaffi ne. Sai aka ɗora shi a bayan tarakta, a kan buhunan taki, mutum goma sha ɗaya suka bi shi a ƙafa.

Genti ya iso washegari, da furfura a kansa, harshenmu ma ya fara yi masa nauyi. Ya je kabarin ya daɗe a tsaye. Ya dawo ya ba maƙwabciyar kajin, ya ba wani mai gyara daga ƙauye akwatin kayan aikin, ya rufe tagogi da katako. Ranar Litinin yana da aiki, don haka ya kama motar yamma.